Yadda Ake Kaɗa Zaren Ulu da Hannu Domin Saƙa

Masu saƙar hula da safa da rigunan sanyin jarirai a nan Kaduna sun daɗe suna tambayata ko mutum zai iya kaɗa zarensa da kansa maimakon dogaro da ƙullin da ake sayarwa a kasuwa, kuma in zai yiwu, daga ina ake farawa. Zai yiwu, kuma kayan aikin ba su da yawa. Abin da ya fi ba mai koyo wahala shi ne samun gashin da ya dace, sai kuma koya wa hannu cewa jan gashi aiki ne daban, murɗa shi ma aiki ne daban. Zan yi magana da mace saboda mata ne suka fi yawa cikin masu tambayar, amma matakan ba su canzawa ga namiji.

1. Samun gashin da zai kaɗu

Tumakin da muke kiwo, wato 'yankasa da uda da balami, gashi gare su gajere mai kauri mai santsi, wanda ba shi da lanƙwasar da ke sa silin gashi ya riƙe ɗan'uwansa. Ko da kin je Zangon Tudun Wada kin tara buhu guda na gashinsu, ba zai zama zaren saƙa ba, domin da kin murɗa shi zai zame ya warware, wanda ya tsaya kuma zai yi ta sukar fata. Tumakin ulu na wasu wurare ne: Ostireliya, Niyu Zilan, Ingila, Afirka ta Kudu da Lesoto, sai kuma tumakin Masina da ke ƙasar Mali, waɗanda Fulanin can suke saƙa barguna da gashinsu.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sayi wanda aka riga aka wanke aka taje, wanda yake zuwa a miƙe kamar igiya mai laushi mai kaurin wuyan hannu. A shagunan intanet da jikin leda ana rubuta masa roving ko kuma top, kuma ana sayar da shi giram 50 ko giram 100. Idan akwai zaɓi, ki fara da gashin irin tumakin da ake kira Corriedale, saboda tsawon silinsa yakan kai santimita 8 zuwa 13 kuma yana da ɗan kaushi da ke sa ya riƙe kansa a hannu. Gashin tumakin Merino ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, shi ya sa kowa yake son farawa da shi, amma silinsa gajere ne mai santsi, kuma yana kuɓuce wa hannun da bai saba ba. A ajiye shi sai an kaɗa giram ɗari biyu ko uku na wani. Haka ma wanda aka rubuta wa superwash, wato wanda aka sarrafa don kada ya dunƙule a wanki: yana da kyau ga kayan jarirai, amma santsinsa ya yi wa mai koyo yawa.

Akwai hanya ta biyu ga wadda ba ta son jiran saƙo daga waje. A layin 'yan gwanjo na Kasuwar Barci ana dacewa da rigunan sanyi da mayafan wuya na ulu zalla. Ki nemi mai zare kauri wanda murɗinsa bai yi ƙarfi ba, ki duba ɗinkin gefensa. Idan an haɗa ɓangarorin ne da zare ba tare da an yanka su ba, rigar za ta warware ta ba ki dogon zare. Idan kuma an yanka an bi bakin da keken saje, guntaye kawai za ki samu. Irin wannan zare mai kauri ana iya warware murɗinsa, a yanka shi tsawon yatsa biyu, a shiɓe a sake kaɗawa.

Gargaɗi: yawancin ƙullin da ake sayarwa da sunan ulu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da sauran kasuwanninmu na roba ne, kuma takardar da ke jikin kayan gwanjo ba kullum take faɗin gaskiya ba. Ki tsinki ɗan sili ki kai shi bakin ashana. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi irin na babbakar kan rago, wutar tana mutuwa da kanta, kuma abin da ya rage yana murƙushewa ya zama gari tsakanin yatsu. Na roba yana narkewa ya ɗiga, ya bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri.

2. Kayan aiki da abin da za a kashe

Babban kayan aiki shi ne mazari. Mazarin da iyayenmu suke kaɗa auduga da shi siriri ne marar nauyi, mai gululu na yumɓu a ƙasa, kuma ana juya shi ne a cikin ɗan ƙoƙo ko a kan fata domin silin auduga bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, ba zai ɗauki nauyin mazari a rataye ba. Ulu yana da tsawon da zai ɗauka, saboda haka mai koyo ta fi samun sauƙi da mazarin da yake lilo a iska.

Irin wannan ba sai an yi odarsa ba. Duk mai sassaƙar katako da injin juyi a Panteka zai yi miki shi in kin ba shi awo: sanda mai tsawon santimita 28 zuwa 30, kaurinta kamar na fensir ko ya ɗara kaɗan, da faifan katako mai faɗin santimita 7 zuwa 8 wanda za a huda a tsakiyarsa daidai, a cusa sandar har sai ya rage kamar santimita 4 a sama. A kan sandar ta sama a ɗaura ƙaramar ƙugiya ta ƙarfe, irin wadda ake rataye kofi ko labule da ita. A gefen faifan a yi ɗan tsagi guda inda zare zai zauna. Nauyin duka ya tsaya tsakanin giram 35 da 50. Kafin ki biya, ki ɗaura zare a ƙugiyar ki murza ki gani. Idan yana rawa yana karkata gefe, hudar ba ta tsakiya, kuma babu ƙwarewar da za ta gyara wannan, sai dai a sake wani. A kuma sa ya goge sandar da samfefa sosai, domin ko ɗan tsini kaɗan zai riƙa kama gashi.

Bayan mazari, ana buƙatar ƙaramin sikeli na kicin mai auna giram, da ruler, da kwanuka biyu masu zurfi, da tsohon tawul. Wadda za ta shiɓa da kanta za ta ƙara da burushi biyu masu haƙoran waya sirara, kuma irin wanda ake taje kyanwa da kare da shi a shagunan magungunan dabbobi ya wadatar a farko.

Game da kuɗi, mazari da burushi su ne mafi arha, sau ɗaya kuma ake sayensu. Gashin ne yake cin kuɗi, saboda da dala ko fam ake masa farashi, kuma sau da yawa kuɗin kawo giram ɗari ya fi kuɗin gashin kansa. Saboda haka ya fi kyau mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi kilo guda su raba, ko a ba wa mai dawowa daga tafiya sautu. Lissafin buƙata kuwa, giram 100 yana isar hular babba ko safa ƙafa biyu, rigar jariri takan ci giram 150 zuwa 200, rigar sanyin babba kuma daga rabin kilo zuwa sama. Ki ƙara giram 50 a kan lissafinki, wanda za ki ɓata wajen koyo. Wadda take neman arha ta sani tun yanzu cewa zaren hannu ba zai taɓa yin gogayya da ƙullin roba a farashi ba. Ana yin sa ne don ɗumi, da ingancin kaya, da samun kauri da launin da mutum yake so.

3. Wanke ɗanyen gashi

Wadda ta sayi wankakke tajajje ta tsallake zuwa mataki na biyar. Wannan na wadda aka kawo wa gashi ne yadda aka aske shi daga jikin tunkiya, da maiƙonsa da ƙasarsa.

A shimfiɗa shi a kan tabarma a waje, a cire wuraren da kashi ya manne, da guntayen da almakashi ya maimaita yankawa, da ƙaya da ciyawa. A raba shi kashi-kashi, kamar giram 200 kowanne, a zuba a jakar raga irin buhun albasa da aka wanke. A cika baho da ruwan zafi wanda hannu ba zai iya daɗewa a ciki ba, wajen digiri 60, sannan a zuba sabulun ruwa na wanke-wanke a gauraya a hankali ba tare da tayar da kumfa ba. Sai a ɗora jakar a kan ruwan, a danna ta da muciya ta nutse, a bar ta minti 15 zuwa 20. A ɗaga, a bari ta tsane, a sake sabon ruwa mai zafi iri ɗaya. Wanki biyu da ɗauraya biyu sukan isa, sai dai Merino mai yawan maiƙo yana iya neman na uku. A matse cikin tawul, a baza a inuwa inda iska take ratsawa.

Gargaɗi: abu uku ne suke dunƙule ulu ya zama kamar tabarma har ba ya sake jawuwa, wato zafi da sabulu da cuɗawa idan suka haɗu, kuma sauya shi daga ruwan zafi zuwa na sanyi farat ɗaya yana ƙara abin. Kada a cuɗa, kada a murɗe, kada a sakar masa famfo a kai. Kada kuma a bar ruwan ya huce da gashin a ciki, don maiƙon zai koma ya manne. Sabulun soda da omo mai cin tabo suna cinye ƙarfin silin, haifo kuwa narkar da ulu yake yi gaba ɗaya. Ruwan wankin farko a zubar da shi a ƙasa can gefe, domin maiƙon yana daskarewa ya toshe bututu.

Ɗanyen gashi yakan rasa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin nauyinsa a wanki, a sa wannan cikin lissafi tun wajen saye. A sa safar hannu, a guji gashin dabbar da ta mutu ba a san dalili ba, mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan mataki. Shigo da gashin da ba a wanke ba daga wata ƙasa yana ƙarƙashin dokar hukumar killace kayan gona da dabbobi, wanda wani dalili ne na sayen wankakke.

4. Shiɓa

Bakan shiɓa na auduga ba ya yi wa ulu aiki, silin ya yi tsawo, nannaɗe tsirkiyar zai yi. Da burushi biyu ake yi. Ki fara buɗe gashin da yatsu har ya zama sako-sako, datti ya zube. Ki riƙe burushi ɗaya a hannun hagu a kan cinya, haƙoransa suna kallon sama, ki shafa masa gashi kaɗan har haƙoran su rufu amma kina hango su. Da ɗayan burushin ki riƙa shafar samansa a hankali, kina ja zuwa wajenki, har gashin ya koma kan na dama. Ki mayar, ki maimaita sau uku ko huɗu. Idan silin ya miƙe babu ƙulli, ki ɗaga shi daga haƙoran ki naɗe shi ya zama sutu mai kaurin babban yatsa biyu.

A kula: haƙoran burushin biyu ba sa cizon juna, gashin kawai suke shafa. Cika burushi da yawa da dannawa da ƙarfi su suke kawo ƙananan ƙulle-ƙulle waɗanda za su bi zaren har cikin saƙa.

5. Shirya gashi da zaren kamu

Kafin komai, ki kama ƙarshen gashin ki zaro 'yan sili ki auna tsawonsu a kan ruler. Wannan awo shi zai gaya miki tazarar da za ki bari tsakanin hannayenki, wadda dole ta ɗara tsawon silin kaɗan. Idan hannayen suka matsu fiye da haka, kina riƙe da kan sili da gindinsa lokaci guda, kuma duk ƙarfinki ba zai jawu ba. Da yawa cikin masu cewa gashinsu ya yi tauri, matsalarsu ke nan.

Idan tajajje kika saya, ki tsinko tsawon kamu ɗaya da hannu, ba da almakashi ba, ki tsaga shi a tsaye gida huɗu ko shida. Ki bi kowane tsagi kina ɗan ja a hankali daga wannan kai zuwa wancan, har ki ji ya saki, ya yi kaurin ɗan yatsa. Ki naɗe shi sako-sako a wuyan hannun hagu don kada ya riƙa lilo ya shiga cikin zaren da ke juyawa.

Sai zaren kamu, wato zaren da ake fara ɗaurawa a mazari don ya kama bakin gashi. Ki yanko kamar santimita 60 na kowane zaren ulu, ki ninka shi biyu ki ƙulle bakin, ki ɗaure shi tam a jikin sanda ƙarƙashin faifai, ki hau da shi ta cikin tsagin, ki saƙala a ƙugiya. Madaukin da ya rage a sama shi za ki zura bakin gashinki a ciki, kamar santimita 5, ki ninko shi kan kansa.

6. Kaɗin kansa

A makon farko kada ki yi ƙoƙarin ja da murzawa lokaci guda kamar yadda kika ga tsofaffi suna yi. Ki raba aikin gida biyu, ki zauna a kan kujera mai ɗan tsawo inda cinyoyinki za su iya riƙe mazari.

Ki matse wurin da gashi ya haɗu da zaren kamu da babban yatsa da manuni na hagu. Da hannun dama ki murza sandar daga ƙasa, ta juya yadda hannun agogo yake tafiya. Ki bar ta ta yi ta juyawa har zaren kamu ya cika da murɗi, ya fara neman ƙudundunewa. Kafin ta tsaya ta fara komawa baya, ki cafke ta ki matse tsakanin gwiwoyinki. Yanzu hannayenki biyu sun samu sarari.

Ki kawo hannun dama ya karɓi matsewar daidai inda na hagu yake. Hannun hagu ya ja gashin baya a hankali, silin yana zamewa a kan juna, har abin da ke tsakanin hannayen ya sirance ya kai kaurin da kike so. Za ki ga gashin ya yi siffar ɗan kusurwa uku, faɗinsa wajen hannun hagu, tsininsa wajen yatsun dama. Wurin nan shi ne idonki zai zauna a kai, domin yawan silin da ke shiga tsinin shi ne kaurin zarenki. Sai hannun hagu ya matse a ƙarshen abin da kika ja, hannun dama ya saki a hankali yana shafar zaren zuwa sama. Murɗin da kika tara zai haura da kansa ya shiga sabon wurin, a gaban idonki gashin da iska za ta iya ɗauka ya zama zare. Ki sake ja, ki sake saki, har murɗin ya ƙare, wato lokacin da kika ga zaren ya fara yin laushi yana neman rabuwa. Daga nan ki sake murza mazari.

Gargaɗi mafi muhimmanci a duk aikin: kada murɗi ya tsallake yatsunki ya shiga cikin gashin da ba ki ja ba. Da ya shiga, gashin zai kulle ya ƙi motsi. In hakan ta faru, ki ajiye mazari a gwiwa, ki murza wurin da yatsun dama ta ɓangaren da ya saba wa murɗin har ya buɗe, sannan ki ja. Hannun hagu kuma riƙon ƙwai zai yi wa gashin, ba damƙa ba, saboda damƙa da gumin tafin hannu suna dunƙule shi tun kafin ya iso wurin ja.

Hanyar juyin mazari ba ta canzawa daga farkon zare har ƙarshensa. Duk lokacin da kika murza hagu bisa kuskure, warware abin da kika yi kike yi, zaren zai tsinke mazari ya faɗi. Yana da kyau a zana 'yar kibiya da biro a kan faifan.

Yadda za ki gane murɗi ya isa shi ne ki saki kamar taƙi ɗaya na sabon zare ya ninku kan kansa. Idan ya nannaɗe ya zama igiya mai laushi mai kyan gani, daidai ne, kuma kusan haka zaren zai kasance bayan tufka. Idan ya ƙanƙance ya yi ƙulle-ƙulle masu tauri, murɗi ya yi yawa, ki ƙara jan gashi kafin ki sake murzawa. Idan ko ninkuwa bai yi ba, bai isa ba. Ki tsinke irin wanda ya yi miki daidai ki ɗaure a jikin kwali, ki riƙa gwada sabon zare da shi lokaci-lokaci, domin hannu yakan sirantar da zare a hankali ba tare da mai shi ta lura ba. Murɗi kuma yana gudu ne zuwa inda zare ya fi siranta ya bar inda ya yi kauri, shi ya sa zaren mai koyo yake da wuri mai tauri kamar waya kusa da wuri mai kumburi. Maganinsa daidaita ja ne, ƙarin murzawa ba ya gyara shi.

Yanayin garinmu yana da nasa tasiri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da aka fi sha'awar aikin, busasshiyar iskar hunturu tana sa gashi ya riƙa tashi yana manne wa hannu da zane. Ki zuba ruwa a kwalbar feshi da ɗigon man zaitun biyu ko uku, ki fesa sama-sama a kan gashin da za ki kaɗa gobe, ki rufe a leda ya kwana. Kaushin hannu ma yana kama sili, don haka a shafa man kaɗanya da dare, ba dab da fara aiki ba. Allin da masu kaɗin auduga suke shafawa a yatsu ba a buƙatarsa a nan, ƙara busar da hannu zai yi. A kashe fanka, ko a zauna inda ba ta kaɗowa.

Idan kina da Goggo ko Inna a unguwa wadda ta taɓa kaɗi, ki kai mata mazarinki da ɗan goro ki zauna kusa da ita. Ko ba ta taɓa riƙe ulu ba, yatsunta sun san lokacin da murɗi ya isa, kuma kallon hannunta na rabin sa'a zai rage miki kwanaki. Sai dai za ta so ta matse hannayenta kusa da juna ta kuma cika murɗi, yadda auduga take so, wannan kuwa ki bar mata.

7. Naɗi da haɗa tsinkakken zare

Idan zaren ya kai tsawon da hannunki ba ya iya ƙara miƙewa, ki cire shi daga ƙugiya, kina riƙe da shi a miƙe, ki naɗe shi a sanda ƙarƙashin faifai ta hanyar da kike murzawa. Naɗin ya fi kauri kusa da faifai ya sirance zuwa ƙasa. Ki bar kamar taƙi biyu don saƙalawa a ƙugiya. Idan mazarin ya yi nauyi har zare ya fara yawan tsinkewa, ya cika ke nan, ki sauke shi ki naɗe a kan ƙaramin ƙwallo ko guntun kwali.

Zare zai tsinke, babu makawa, kuma ba a ƙulla shi. Ki warware murɗin bakinsa kamar santimita 5 har ya koma gashi, ki buɗe shi, ki ɗora bakin sabon gashi a kai, ki ja su tare kaɗan don silinsu ya cakuɗa, sannan ki saki murɗi ya shiga. Ki ja wurin ki gwada. Ɗora gashi a kan zaren da ya riga ya murɗe ba ya kamawa, zai zame a lokacin tufka.

8. Tufka

Zare tilo yana ɗauke da murɗin da ke ja gefe guda, kuma in aka saƙa shi haka, saƙar takan karkace. Saboda haka ake haɗa biyu. Tun farko ki auna gashinki ki raba shi biyu daidai a sikeli, ki kaɗa kowane rabi daban, ki bar ƙwallayen su kwana ɗaya ko biyu don murɗin ya lafa.

Ki sa kowane ƙwallo a kwanonsa a ƙasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ki haɗa bakinsu ki ɗaura a zaren kamu. Yanzu mazari zai juya ta hagu, akasin hannun agogo. Ki sa yatsa ɗaya tsakanin zaren biyu don su shigo da ja iri ɗaya, in ba haka ba ɗaya zai miƙe ɗayan ya nannaɗe shi. Ki jawo tsawon hannu, ki bar murɗi ya shiga, ki naɗe. Yana da kyau ki riƙa ƙirga daƙiƙun da kike bari kowane tsawo ya juya, don tufkar ta zo iri ɗaya.

A kula: zaren da ya kwana yana ɓoye murɗinsa, saboda haka in kin sassauta shi a lokacin tufka zai nuna kamar tufkar ta yi yawa alhali ba ta yi ba. Abin dogaro shi ne guntun da kika ɗaure a kwali. Masu koyo sun fi yin kuskuren rage tufka fiye da cika ta, zare mai ƙarancin tufka kuwa kibiya tana tsaga shi a wajen saƙa.

9. Jiƙa zare

Ki naɗe zaren a bayan kujera ya zama babban zobe, ki ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu da guntun zaren auduga kafin ki cire. Ki auna kewayen zoben ki ninka da yawan zagayen, tsawon zarenki ke nan, ki rubuta tare da nauyinsa. Ki jiƙa shi minti 20 a ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke gashi, ki ɗauraye a ruwa mai ɗumi iri ɗaya, ki matse cikin tawul. Ki zura hannayenki biyu cikin zoben ki fizga waje sau uku ko huɗu, ki juya ki sake, sannan ki rataye a inuwa.

Kada a rataya masa dutse ko wani nauyi don ya miƙe. Zai yi kyau a ido, amma ranar da aka wanke hular zai koma yadda yake, girmanta ya canza. Idan ya bushe, zoben da ya sauka a miƙe ko ya ɗan juya rabin zagaye ya yi daidai. Wanda ya nannaɗe sosai ana iya mayar da shi kan mazari a ƙara ko a rage tufkar.

10. Awo da gwajin saƙa

Ki naɗa zaren a jikin ruler, zagaye kusa da zagaye ba tare da ja ko matsi ba, ki ƙirga nawa ne suka cika inci ɗaya. Zagaye 11 yana tafiya da kibiya mai milimita 4, zagaye 9 da mai milimita 4.5 zuwa 5, zagaye 7 kuma da mai milimita 6 ko sama. Zaren farko yakan faɗa cikin masu kauri, kuma da yake ba daidai yake ko'ina ba, ki auna a wuri uku ki ɗauki na tsakiya. Zaren hannu ya fi son kibiya ko kwarashi da ya ɗara lissafi kaɗan, don wuraren da suka kumbura su samu wurin zama.

Ki saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10 zuwa 12, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke kayan, ki shanya shi a kwance, sannan ki ƙirga ɗaurin. Da wannan lissafi za ki fara hula ko mayafin wuya, waɗanda rashin daidaiton zare ba ya ɓata su. Safa a dakata da ita sai zare ya fara fitowa siriri mai ƙarfin tufka, saboda dunduniya tana cinye mai laushi cikin makonni.

Abin da ya rage na gashi ko zare a tabbatar ya bushe sarai kafin a ajiye, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin da damina take sa kaya fumfuna. Asu yana cin ulu, kuma ya fi son wanda ke da saurar maiƙo ko gumi, saboda haka ba a ajiye marar wanki kusa da wankakke. A sa a bokiti mai murfi ko leda mai zif, a riƙa buɗewa duk wata ana dubawa. Idan aka ga ɗan gari kamar yashi a ƙasan ledar ko zare yana tsinkewa a wurare da dama, asu ya shiga: a ware wannan ƙullin, a ɗaure shi a baƙar leda a ajiye cikin rana mai zafi yini biyu ko uku, a kakkaɓe a waje, sannan a sake wankewa kafin a mayar da shi cikin sauran.